Yadda Na Zama Bakin Adda a Delhi

Abu na farko da na lura da shi da muka sauka a Delhi shi ne kafet. An shimfiɗa shi tun daga bakin ƙofar jirgi har iyakar ganina, mutane suna ta taka shi da takalma ba wanda ya damu. Kawu Sale ya tsaya cak, ya sunkuya zai cire nasa, sai da wani mai jan akwati ya kusa ture shi. Ya miƙe yana dariyar jin kunya ya ce, "Ikon Allah. A Auyo wannan ai sai masallacin Juma'a."

Adda ba ta yi dariya ba. Tana kan keken marasa lafiya wani ma'aikaci yana tura ta, ƙafafunta sun kumbura har silifas ɗinta sun ƙi shiga, ni nake riƙe da su a leda.

Adda mahaifiyata ce. Haka na ji ƙannenta suna kiranta, ni ma na bi, don ba a hannunta na tashi ba. Ni ce 'yarta ta fari, ga shi kuma sunan surukarta aka sa mini. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a cikin garin Haɗejiya, su kuma suna ƙauye wajen Auyo, inda Baba yake noman shinkafa. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko ina zaune kusa da randa, in tana son ruwa sai ta ce wa wani, "Ku ce wa waccan ta miƙo ruwa." Ba ƙiyayya ba ce. Kowa a wajenmu ya san kunyar ɗan fari, dangin Adda kuwa, da yake asalinsu masu shanu ne, sun fi kowa riƙe ta.

Ƙodojinta ne suka daina aiki. An daɗe ana yi mata wankin ƙoda a Kano, daga baya aka ce sai dashe. Kawu Sale, ƙanenta, shi zai ba ta tasa ɗaya. Baba bai samu zuwa ba, ga shinkafa a fadama, ga ƙannena ƙanana. Ni kuma aka ɗauko ni daga makaranta don wanki da girki da aike, kuma don an ce na iya Turanci.

A filin jirgin, da na ɗaga kai sai na hango wani allo mai haske an rubuta "Arrivals". Ban taɓa ganin kalmar ba. Na ɗaga babban yatsana daga nesa na rufe ƙarshenta, sai na ga ashe "arrive" ce, wato isowa. Na ce wa Kawu a hankali, "Ta nan ne."

Ya ce, "Kai, 'yar boko! Mu je, ke ce limaminmu yau."

Wannan dabarar Malama Talatu ce, mai koya mana Turanci. Takan ce kalmomin Turanci gida-gida suke, kamar mutanen unguwa. A gida ɗaya akwai suna, akwai aikatau, akwai sifa, duk jininsu ɗaya, sutura ce ta bambanta su. Abin da aka liƙa a gaban kalma takan kira shi hula, na bayanta kuma takalmi. Sai ta rubuta "farm" a allo, ta sa mata takalmi ta zama "farmer", ta sauya mata wani ta zama "farming", sannan ta juyo ta ce, "Ku 'ya'yan fadama, wannan ai gidanku ne. Noma, manomi. Su, masunci. Ku ma kuna yi a Hausa, ba ku lura ba ne." In kalma ta ba ki tsoro, in ji ta, ki cire mata hula da takalmi, za ki gane 'yar gidan wa ce. A ajinmu ba wadda ta kai ni wannan wasan, don ba ya bukatar a buɗe baki. Ni kuwa ko sunana aka kira a aji sai muryata ta maƙale.

Malam Habu ne ya tarbe mu a waje. Ɗan ƙasarmu ne da ya daɗe a can, sana'arsa haɗa marasa lafiya da asibiti. Yana sanye da farar shadda, yana ƙamshin turare mai hawa kai, kowane hannu da waya. Ya durƙusa har ƙasa gaban keken Adda ya ce, "Hajiya, kin zo gida. Daga yau ciwonki nawa ne." Kafin mu taso ya yi wa Baba alkawari biyu a waya, ina gefe ina ji: ɗaki kusa da asibiti, da wata mata Bahaushiya da za ta riƙa shiga da Adda wurin likita tana fassara. Wannan na biyun shi ya kwantar wa Baba da hankali. Kowa a gida ya san akwai maganar da Adda ba za ta yi a gabana ba, balle a gaban ƙanenta namiji.

Mun daɗe a mota. Kowa yana danna hon, babba da yaro, kamar da shi motar take tafiya. Kawu ya manna fuska a gilashi yana kallon shanun da suke kwance a tsakiyar titi. "Wannan ba ta da mai ita ne? Dubi haƙarƙarinta, Adda. Leda take ci!" Adda ta buɗe ido ta duba, ta ce, "Allah sarki," ta sake rufewa.

Ɗakin yana saman wani dogon bene a cikin lungu. Matattakalar ta yi ƙunci, ba yadda keke zai hau, sai Kawu ya goyi Adda. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta har muka isa. Taga ɗaya ce, ita ma bangon maƙwabta take kallo, tattabaru sun ɓata shi da kashi. Asibitin da aka ce kusa yake, sai an shiga Keke Napep an yi tafiya mai nisa.

Kawu ya ce, "Malam Habu, ina matar da za ta yi mana fassara?"

"Gobe, gobe in sha Allahu. Ta raka wasu 'yan Zariya filin jirgi ne."

Kakata ta ɗaure mana kuka da daddawa da busasshen kifi na bakin kogi, ta naɗe kifin a tsohon ɗankwalinta. Washegari na ɗora miyar kuka a kan ɗan risho. Ko tafasa ba ta yi ba sai ga matar mai gidan ta hawo tana haki, ta toshe hanci da gefen mayafinta, tana faɗa da sauri cikin Turancin da ban taɓa jin irinsa ba. Kalma biyu na kama, "smelly" da "remove". Na cire wa ta farko takalmi na ga wari, na cire wa ta biyu hula na ga gusarwa. Ashe a gidan ba a cin nama, ba a cin kifi, ba a ma shigo da su. Malam Habu ya sani, bai faɗa mana ba.

Ni na sauka da kifin. Na zazzage shi a wurin shara, karnuka suka taso kafin in juya. Ɗankwalin na ninke na cusa a cikin hijabina, yana ƙamshin hayaƙi da ɗakin kakata. A matattakala na zauna na yi kuka ba sauti, na goge ido sosai kafin in shiga. Ina shiga Adda ta ce wa Kawu, tana kallon silin, "Ka ce mata ta bar kuka. Kifi ne kawai, kogi bai ƙafe ba."

Ranar farko a asibiti Malam Habu ya yi ta zirga-zirga da mu daga wannan tebur zuwa wancan, kowa ya san shi, yana ta raha da su. Da ya zaunar da mu a ƙofar likitar ƙoda sai ya ce bari ya je ya ɗauko matar nan, tana bakin get. Muka jira. Kawu ya kira wayarsa tana ta ringin ba a ɗauka, daga baya aka ce a kashe take. Aka kira sunan Adda.

Likitar mace ce, da furfura a gaban goshi, gilashinta yana rataye da siririyar sarƙa. Ta tambaya wa yake jin Turanci a cikinmu. Kawu ya zungure ni da gwiwar hannu.

Rabin abin da ta faɗa ya wuce ni. Ga sauri, ga shi tana kaɗa kai gefe da gefe, ban san ko i take nufi ko a'a ba. Da ƙyar na roƙe ta ta riƙa rubuta mini manyan kalmomin a takarda. Ta rubuta, ni kuma ina ɗora yatsa. "Treatment" ta zama "treat", yi wa mutum magani. "Weakness" ta zama "weak", rashin ƙarfi. "Donor" kuwa na gano 'yar gidan su "donate" ce, na ce wa Kawu, "Kai ne wannan, mai bayarwa."

Ya gyara hula ya ce, "Madalla. Na zo Indiya na samu sarauta."

Har likitar ta yi murmushi ko da yake ba ta ji ba. A ranar na fita ina jin kamar zan iya.

Daga nan rayuwa ta koma hawa bene da sauka, gwajin jini, da ɗakin wankin ƙoda. Ɗaki ne mai sanyi, gadaje a jere, kowane da injinsa yana juya jini a cikin siraran robobi. A nan na haɗu da wata nas 'yar ƙarama, baƙa kamar mu, da ɗan gicciye a wuya. Kowa Sista yake ce mata. Ta kama ni ina ɗaga yatsa ina rufe ƙarshen wata kalma a bango, ta tsaya a bayana ta ɗaga nata yatsan, ta rufe ido ɗaya, sai ta fashe da dariya don ta gane. Tun daga ranar, duk zuwa sai ta kawo mini shayi mai citta a ɗan kofin takarda, ta ba ni kalma ɗaya, ni kuma in kirawo mata 'yan gidan. Ta ce "heal", na ce "healer, health, healthy". Ta ce in ba ta namu, na ce warke, warkarwa, waraka. Ta yi ta maimaita waraka tana gyara robar hannun Adda, har Adda ta ɗan saki fuska.

Akwai takalma biyu da na zo na tsane su a ɗakin nan. Ɗaya yana cika kalma, ɗaya yana kwashe ta. Sista ta ba ni "hope", fata, na ce "hopeful", mai cike da fata. Ta jira ɗayar. Ban faɗa ba. A gadon da yake kusa da namu akwai wani tsoho da 'ya'yansa suke kawowa, ranar ba a kawo shi ba, an cire zanen gadon an bar katifar roba tsirara. Sista ta bi idona da kallo, ba ta sake tambaya ba.

Gwajin Kawu ya yi kyau, ƙodarsa ta dace. Na Adda ne ya tsaya. Likita ta ce jininta ya yi ƙasa fiye da yadda ciwon ƙoda kaɗai zai sa, ana yi mata allura amma ba ya hawa. Ta ce wani wuri yake zuba, kuma ba za a yanka mutum ba a san inda jininsa yake tafiya ba. Ta jawo takarda ta rubuta "bleeding", ta ja layi a ƙarƙashi. Na san gidan. Malama Talatu ta taɓa gaya mana akwai 'yan gidan da ba takalmi kawai suke sauyawa ba, har cikinsu yake canjawa, ta ba da misali da "blood" da "bleed", jini da zubar jini. Likita ta yi magana a hankali don in gane: in tambayi Adda ko tana zubar da jini, ta ina, tun yaushe, kuma yaya al'adarta take.

Na gane kowace kalma. Na juya wajen Adda. Kawu yana tsaye bakin ƙofa riƙe da jakarmu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Adda, likita ta ce yaya jikin?"

Adda tana kallon kalandar da take bango ta ce, "Sale, ka ce da sauƙi. Alhamdu lillahi."

Na ce wa likita da sauƙi. Ta cire gilashi ta dube ni ta ce tambayarta doguwa ce, tawa kuma gajeriya. Na sunkuyar da kai. Ta ce to bari a kai Adda wurin likitar mata a duba ta. Da aka kai ta, aka nuna mata gadon, aka yi mata alamar ta kwance zani, sai ta damƙe shi da hannu biyu ta ce, "Sale, ka gaya musu ƙoda aka kawo ni. Ban zo don wani abu ba." Ba su taɓa ta ba. Sun ce ba sa duba mutum sai da yardarsa.

Alhali ni na riga na ga abubuwa. Don wanki aka kawo ni, amma akwai bokiti mai murfi a banɗaki da Adda ta hana a taɓa, ita take jan jiki ta wanke abin da yake ciki in mun fita sayen abinci. Omo yana ƙarewa da wuri. Takan ninke tsohon zani ta zauna a kai, kuma ba ta tashi sai na juya baya. Kwanakin da take riƙe carbi kawai ba ta salla sun wuce na kowace mace da na sani. Duk na gani. A gidanmu an koya mini in gani in kau da kai, kuma na iya sosai.

A lokacin damina ta yi nisa a gida. Baba sai ya hau jingar bakin kogi yake samun sabis. Muryarsa tana zuwa tana yankewa, ina jin iska da kukan kwaɗi a bayansa.

"Mamana," haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa, "ruwa ya shanye gonar gabas. Da kwale-kwale muke shiga gona. Amma kar ki gaya mata. An sa ranar aikin?"

"Sun ce sai jini ya hau, Baba."

"To. Allah ya hau da shi. Matar nan tana ƙoƙari dai ko, mai fassarar?"

Na dubi Kawu. Ya girgiza mini kai. Na ce, "Muna dai yi, Baba." Layin ya yanke. Na daɗe da wayar a kunne, don kukan kwaɗin nan da na ji ya tsaya mini a ƙirji. Na tuna yadda in ruwa ya cika, daga bayan makarantarmu ake hango shi yana ƙyalli har inda ido ya tsaya, da masu kifi suna jera kwanduna a bakin gada da safe.

Na yi wata dabara. Na kira Goggo Mairo, ƙanwar Adda da take aure a garin Malam Madori, na gaya mata abin da likita take nema, ina magana ina in'ina. Na miƙa wa Adda wayar, na ja Kawu muka fita muka zauna a matattakala. Da muka dawo ta ajiye wayar a kan filo, ta juya baya. Goggo ta sake kirana.

"Ta ce da sauƙi."

"Goggo, ba ki tambaye ta kai tsaye ba?"

"Na tambaya mana! Ta ce in gaida yara. Ke ba ki san Adda ba? Mutane sun sayar da abin hannunsu saboda ciwo ɗaya, kina ganin za ta buɗe baki ta ce akwai na biyu? Da ina kusa da na titsiye ta a ɗaki. A waya kuwa sai ta kashe."

Wata rana da hantsi muna shiga asibiti sai ga Malam Habu a bakin get. Ya durƙusa gaban wata tsohuwa a keke, 'ya'yanta suna tsaye da akwatuna, na ji yana cewa, "Hajiya, kin zo gida. Daga yau ciwonki nawa ne." Kawu ya cafki hannun rigarsa.

"Ina matar?"

"A'a, Malam Sale! Wallahi kuna raina. Ta koma gida, haihuwa ta yi. Ai kuna da 'yar boko. Wa ya fi 'ya sanin uwarta?"

"Kai wane irin Bahaushe ne? 'Yar fari ce!"

Ya zare hannunsa a hankali, ya kakkaɓe shaddar. "Nan Indiya ne, Malam. Ba a zuwa da wannan nan." Ya koma wurin baƙinsa yana murmushi. Na so in ce wa 'ya'yan tsohuwar wani abu. Ɗaya daga cikinsu yarinya ce kamar sa'ata, tana rungume da fulas. Muka haɗa ido, na kasa, muka wuce.

A ranar likita ta ce in shigo ni kaɗai. Ta rubuta kalma ɗaya, "unfit". Wannan hular na san ta, duk kalmar da ta sa ta sai ta juya wa ma'anarta baya. "Fit" wanda ya dace, wannan kuwa wanda bai dace ba. Ta ce manyan likitoci za su zauna a ƙarshen mako. In har lokacin ba a san inda jinin yake zuba ba, abin da za su rubuta ke nan, a ba wani gurbin Adda, mu koma gida a ci gaba da wanki. Bizarmu ma ta kusa ƙarewa. Ta ce wataƙila abu ne mai sauƙin magani, wataƙila ba mai sauƙi ba, amma ba ta da yarenmu, ba kuma wanda Adda za ta ji maganarsa sai ni.

Ta ce, "Ke 'yarta ce, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"To me ya hana?"

Na shiga neman kalma. Na ɗauko "shy", na ga ta yi ƙarama, ta yara ce masu ɓuya bayan ƙofa. Na shiga gidan su "shame", na duba "shameful", na duba "ashamed", duk na mai laifi ne, Adda kuwa ba ta yi laifin komai ba. Na bi gidajen da Malama Talatu ta nuna mana ɗaya bayan ɗaya, ban samu inda aka ajiye abin da yake tsakanina da mahaifiyata ba. Na ce mata kawai ni ce ta farko. Ta kaɗa kai irin nasu. Ban san ko ta gane ba.

Kawu yana zaune a benci a waje, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Tun rigimarsa da Malam Habu da hantsi bai sake tsokanata ba. Na gaya masa komai, har da abin da likita ta ce in tambaya tun farko. Ya daɗe yana murza hular.

"Ummi," ya ce, ba 'yar boko ba, "ni ƙoda kawai zan iya ba ta. In na yi mata wannan tambayar, ba za ta ƙara iya kallona ba har mu mutu, kuma ba za ta amsa ba. Ke ma na san nauyin da yake kanki. Amma ke mace ce." Ya miƙe ya sa hular. "Zan je neman masallaci. Zan daɗe."

An gama wa Adda wanki, an cire robobin, tana kwance tana hutawa kafin mu tafi. Ta juya fuska bango. Na tsaya a ƙarshen gadon riƙe da silifas ɗinta a leda, na kasa gaba na kasa baya. Sista ta zo wucewa da tire, ta dube ni, ta dubi Adda. Ba ta ba ni kalma ba ranar. Ta ajiye tiren, ta ja labule ya zagaye mu, ta tafi.

Ban taɓa zama a gado ɗaya da Adda ba tun da na yi wayo. Na zauna a baki-baki, na ba ta baya, ina kallon labulen. Shuɗi ne, ya koɗe a ƙasa inda ake yawan kamawa. Na jira ta ce a ce wa waccan ta tashi. Ba kowa a wurin da za ta ce wa. Sai na ji ta janye ƙafafunta kaɗan, ta ba ni wuri.

Abin da ta faɗa bayan nan nata ne. Na ɗauka na kai wa likita a ranar, ban rage ba ban ƙara ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Abin da zan iya rubutawa shi ne nawa, wanda na faɗa idona a kan labule:

"Adda, ba sai kin kalle ni ba, ni ma ba zan juyo ba. Na ga bokitin. Likita ta ce in ba ta sani ba za su mayar da mu gida da ciwon, Kawu ya koma da ƙodarsa. Zan kai mata maganar, in na fito daga ofishinta na manta, ba zan taɓa tuna miki ba. Ba sai da ni za ki yi ba. Ki yi da bangon nan, kamar yadda kika saba. Don Allah, Adda, ki ce a gaya wa waccan inda jinin yake fitowa, da kuma tun yaushe."